Filayen makarantu da ruwan da ke ƙarƙashinsu: wa ke cin rabon yaran Arizona?

Malam Habu:
Salamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta daɗe tana cina, musamman mu da ke zaune a yammacin Amurka yaranmu na makarantun gwamnati. Duk shekara in majalisar jiha ta zauna sai ka ga ƙudirin kuɗin makaranta yana wani kwamiti, na ruwa yana wani, na filaye yana wani, 'yan jarida ma haka suke kawo su a rarrabe kamar ba abin da ya haɗa su. Ni kam a ganina magana ɗaya ce wallahi.

Tun 1785 da aka fara awon filayen yamma, an yanka ƙasa gunduma-gunduma, kowace mil 6 tsawo mil 6 faɗi, cikinta kashi 36, kowane kashi eka 640. Sai aka ce kashi na 16 na makaranta ne. Daga baya aka ƙara na 36, jihohin da suke busassu irin su Yuta da Arizona da Niyu Meksiko kuma aka ba su huɗu, na 2 da 16 da 32 da 36, don an san filin hamada ba ya kawo kuɗi kamar na inda ake ruwan sama. Har yau Arizona na riƙe da sama da eka miliyan 9 na irin wannan fili, mafi yawansa na makarantun yara ne. Ba na gwamna ba ne, ba na majalisa ba ne, amana ce aka ba su.

To a cikin wannan filin ne jiha ta ba kamfanin Fondomonte, reshen kamfanin madarar nan na Saudiyya Almarai, hayar gona a kwarin Butler a kan kimanin dala 25 kowace eka a shekara, suna noman ciyawar alfalfa suna lodawa a kai wa shanu can ƙasarsu. Ruwan da suke zuƙowa daga ƙarƙashin filin ko sisi ba su biya a kansa ba, doka ba ta ce su biya ba. Sai a Oktoban 2023 Gwamna Katie Hobbs ta soke haya ɗaya ta ce sauran ba za a sabunta ba. Tambayata, in filin na yara ne, ruwan da ke ƙasansa na waye?

Zainab A.:
Wa alaikumus salam Malam. Ni abin da ban gane ba, me ya sa jihar ba za ta sayar da filin gaba ɗaya ta zuba kuɗin a makarantu ba? Eka miliyan 9 fa, ga malamai suna barin aiki saboda albashi, a 2018 ma ai yajin aiki suka yi suka cika harabar majalisa da jajayen riguna

Barista Nura:
Ƙanwata wannan shawarar an gwada ta, je ki duba Nevada. An ba su wajen eka miliyan 2.7, suka yi musaya suka zaɓi masu kyau suka sayar tun farko-farko da arha, yau abin da ya rage musu bai fi eka dubu 3 ba. Kuma ko an sayar ba a taɓa uwar kuɗin, asusu na dindindin ake zubawa a juya, ribar ce kawai ake rabawa makarantu. Kamar wakafi ne, a ci 'ya'yan itacen a bar bishiyar.

Sannan Malam Habu, doka tana bayanka ta wani ɓangaren. A 1967 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Lassen da Arizona, lokacin hukumar hanyoyin jihar ta so ta ratsa titi ta filin amana ba tare da ta biya ba, wai ai titin zai ɗaga darajar sauran filin. Kotu ta ce a'a, ku biya cikakken farashi. Jiha da kanta ba ta isa ta ɗauki filin yara kyauta ba, to ina ga ɗan haya ya kwashe abin da ya fi filin daraja

Alhaji Ɗanlami:
Ku yi a hankali yara. Ni babbar mota nake ja, hanyar nan ta I-10 daga Tekzas zuwa Kalifoniya na san ta kamar tafin hannuna. In ka wuce Phoenix ka nausa yamma ba ka ganin komai sai duwatsu da ƙaya da ƙura, kwatsam sai ka ga gona kore shar kamar an shimfiɗa darduma, ga rumfuna dogaye an jibga dammunan ciyawa har rufi, zafi kuma in ka taɓa ƙarfen ƙofar mota sai ka janye hannu. Duk mai hankali in ya gani ya san wannan koren ba daga sama ya zo ba. Na yarda da wannan.

Amma abin da ba na so shi ne a ɗora wa Larabawa laifi su kaɗai don su ne baƙi. Manoman Amurka da ke gefensu fa, ruwan nan ba shi suke sha ba? Suna biya? Su ma ba sa biya. Kuma in ka ce yau kowa ya biya kuɗin ruwa da tsada ba manyan kamfanoni za ka kashe ba, su suna da lauyoyi suna da kuɗin haƙa rijiya mai zurfi, ƙaramin manomi da makiyayi za su fara faɗuwa, daga nan madara da nama su tashi, mu ɗin nan dai mu za mu biya a kanti

Malam Habu:
Alhaji ranka ya daɗe, rabin maganarka ai tawa ce. Ban ce laifin baƙo ba ne, ɗan kasuwa ya ga ƙofa a buɗe ya shiga. Saudiyya ta taƙaita noman ciyawa a ƙasarta ne don ta ga ruwanta na ƙasa yana ƙarewa, su sun yi hankali kenan. Majalisar Arizona ce ta bar ƙofar. Dokar ruwan ƙasa ta 1980 ta kafa yankunan da ake sa ido, Phoenix da Tucson da Prescott da Pinal, a can in za ka gina unguwa sai ka nuna kana da ruwan shekara 100. Wajen yankunan da ake sa ido kuwa in kana da fili ka haƙa ka zuƙa iya ƙarfin injinka. Sama da shekara arba'in kenan, an sha kawo ƙudiri a gyara, ana ta ja-in-ja tsakanin gwamna da majalisa

Injiniya Sani:
Bari in shigo nan don aikina ne, a harkar ruwan birni nake a Kalifoniya. Abu biyu ake cakuɗawa kuma ya kamata a raba.

Akwai kuɗin ruwan kansa, akwai kuɗin kawo shi. Bil ɗin da ke zuwa gidanka kusan duk kuɗin kawowa ne, bututu, injin turawa, wutar lantarki, maganin tacewa, albashin ma'aikata, bashin da aka ci aka gina matatar. Shi ruwan a mafi yawan yamma ba sayensa ake ba, haƙƙi ne da wanda ya riga ya kama yake riƙe da shi, wanda kakansa ya fara jan ruwa a 1890 yana gaban wanda ya zo a 1950 ko da kuwa na biyun birni ne guda. Kuma a al'adar dokar in ka daina amfani da rabonka na wasu shekaru za ka iya rasa shi, to ka ga wa zai yi tattali? Shi ya sa mutane ke jin haushi in an ce musu ku rage ruwa, su rage, shekara ta zagayo a ƙara musu kuɗi. Ba zalunci ba ne kullum, bututun ne bai san ka rage ba, kuɗin gyaransa na nan yadda yake, yawan galan ɗin da ake sayarwa ne ya ragu dole a ɗaga farashi a cike giɓin.

Maganin da yawancinmu muke so shi ne farashi hawa-hawa. Hawan farko, na sha da girki da wanka da wanki, a yi shi da arha sosai. Hawa na biyu ya ɗan ɗaga. Wanda zai cika tafkin ninƙaya ya shayar da ciyawar ado a tsakiyar fari, shi ya biya da tsada. Alhaji wannan ba ya taɓa talaka, shi yake karewa ma

Alhaji Ɗanlami:
To in haka ne me ya hana ku yi, ba ku ne ke da famfon ba

Injiniya Sani:
Doka Alhaji. A 1996 masu zaɓe a Kalifoniya suka amince da Proposition 218, ta shiga tsarin mulkin jiha, ta ce hukumar ruwa ta gwamnati ba za ta caji gida fiye da abin da ta kashe wajen kai masa ruwa ba. A kunne magana ce mai daɗi. Sai a 2015, ana tsakiyar fari Gwamna Jerry Brown ya ce birane su rage kashi 25, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe tsarin hawa-hawa na garin San Juan Capistrano. Ba ta haramta shi ba, cewa ta yi kowane hawa sai ka nuna da lissafi cewa abin da ka kashe kenan. To tun daga nan kowace hukuma sai ta ɗauko masu lissafi da lauyoyi kafin ta taɓa farashi, kuma duk da haka ana maka ta a kotu.

Abin da ya fi ci mini rai ma ba wannan ba ne. Saboda wannan dokar ba za mu iya ɗaukar kuɗin bil ɗin mai hali mu rage wa marar hali ba, an ce kowa nasa. Jihar da tun 2012 ta rubuta a doka cewa ruwa haƙƙin ɗan Adam ne. Na taɓa tsayawa a bayan kanta ranar da wata tsohuwa ta zo da takardar gargaɗin yanke ruwa a ninke cikin jakarta, ta ciro ta tana gyara ninkin da yatsa tana tambaya ko akwai rangwame na tsofaffi, yarinyar da ke kantar ta rasa me za ta ce mata sai dai ta raba mata bashin wata-wata. Iyakar abin da doka ta bari kenan, akwai dai dokar 2018 da ta hana a yanke sai bashin ya kai kwana 60

Hajiya Rabi:
Allah sarki. Allah ya saka maka Injiniya.

Ni ina Niyu Meksiko ina aiki a ajin ƙananan yara, bari in faɗa muku yadda abin yake in an riƙe amanar da ɗan kyau. Mu namu filayen Allah ya sa akwai mai a ƙarƙashin wasu, can kudu maso gabas wajen Permian. Kamfani ya haƙo ya ba jiha kasonta, kason ya shiga asusun dindindin, asusun yanzu ya haura dala biliyan 30. Shekara da shekaru mata da malamai da limaman coci suna roƙon majalisa a ƙara abin da ake cirewa don yara ƙanana, ana kashe ƙudirin a majalisar dattawan jiha, sai a Nuwamban 2022 aka kai shi gaban masu zaɓe, wajen kashi 70 suka ce e. An ƙara kashi 1.25, kashi 60 na ƙarin ya tafi ilimin yara 'yan ƙasa da shekarun firamare, 40 makarantun gwamnati.

Ni ba lissafi na sani ba, aji na sani. Yaro ɗan shekara huɗu da a da yana gida gaban talabijin don uwarsa ba ta da kuɗin kai shi ko'ina, yanzu yana zuwa da safe ya rataye 'yar jakarsa a ƙugiyar da aka rubuta sunansa, ya nuna miki harafin farko ya ce wannan nawa ne. Wallahi duk wanda ya ce mini kuɗin fili ba ya isa aji ban yarda ba

Zainab A.:
Anti Rabi to ai maganata kenan, ku kun ƙara cira kun ga amfani. Barista yana cewa kar a taɓa

Barista Nura:
Ban ce kar a taɓa ba, cewa na yi akwai bambanci tsakanin ƙara ciran riba da sayar da gonar. Kuma ko ƙarin ciran yana da haɗarinsa, Arizona ce misali. Bayan karyewar tattalin arziki na 2008 majalisa ta daina ƙara wa makarantu kuɗin hauhawar farashi da doka ta wajabta mata, makarantu suka kai ƙara suka yi nasara. Maimakon a biya daga baitulmali sai aka kawo Proposition 123 a 2016, aka ɗaga abin da ake cira daga asusun filaye daga kashi 2.5 zuwa 6.9 na shekara goma, ta sha da ƙyar a akwatin zaɓe. Ma'ana an biya yara bashin da suke bi, akasari da kuɗinsu na gaba. Wa'adin ya cika a 2025 gwamna da majalisa ba su daidaita a kan sabuntawa ba. Abin lura a kowane ƙudiri shi ne kuɗin filin ƙari ne a kan abin da majalisa ke bayarwa, ko kuwa maye gurbi ne. In maye gurbi ne yaro bai ƙaru da komai ba, an dai sauƙaƙa wa masu biyan haraji

Hajiya Rabi:
Wannan gaskiya ne Barista, mu ma ba wai mun tsira ba ne. A 2018 alƙaliya ta yanke a shari'ar Yazzie da Martinez cewa jiha ta gaza ba yaran talakawa da 'yan asalin ƙasa da masu koyon Turanci ilimin da tsarin mulki ya yi alkawari, har yanzu ana kan wannan maganar a kotu. Kuma tsorona ɗaya mai ba ya dawwama. Shi ya sa na ji daɗi da majalisa ta ɗaga kason jiha daga kashi 20 zuwa 25 a filayen da suka fi mai a 2025, tunda abu ne mai ƙarewa gara a karɓi haƙƙinsa tun yana nan

Malam Habu:
Hajiya kin kawo ni inda nake so. Mai yana ƙarewa, shi ya sa aka sa masa kaso, kowace ganga an ƙirga an biya an adana wa jikoki. To ruwan kwarin Butler shi ma ƙarewa yake, ya taru ne tun dubban shekaru, ruwan saman da ake yi a wurin ba zai mayar da shi a zamaninmu ba. Kuma kwarin yana cikin 'yan wuraren da dokar 1991 ta yarda a ɗebo ruwansu a kai birni in buƙata ta taso, wato ajiya ce. Me ya sa gangar mai ke da kaso amma ruwan da ya fi shi wuyar samu a hamada ba shi da shi? Mutanen Niyu Meksiko da an ce musu wani ya kwashi mansu a kan dala 25 kowace eka da ba a kwana lafiya ba

Umar K.:
Ina bin ku shiru tun ɗazu. Ni a Tekzas nake kuma ina ganin kuna ba kuɗin fili girman da bai kai ba. Mu muna da asusun makarantu tun 1854, an fara da dala miliyan 2 yau ya wuce biliyan 50, duk Amurka ba kamarsa, amma abin da yake bayarwa a shekara ɗan kaɗan ne cikin abin da makarantu ke ci. Ainihin kuɗin makaranta harajin gidaje ne da kason jiha, tarayya ma a yawancin shekaru wajen kashi goma take sawa. Matsalar tana nan, unguwar da gidajenta ke da tsada ta sa haraji kaɗan ta tara da yawa, unguwar talakawa ta matse kanta ta tara kaɗan. A kan haka iyayen gundumar makarantu ta Edgewood a San Antonio suka je har Kotun Ƙoli, a 1973 alƙalai biyar cikin tara suka ce ilimi ba ya cikin haƙƙoƙin da tsarin mulkin tarayya ya lamunce, ku koma jihohinku. Sai a 1989 kotun ƙolin Tekzas ta ba su gaskiya, a 1993 aka yi dokar da ke karɓar rarar gundumomi masu arziki. Yau Austin na mayar wa jiha ɗaruruwan miliyoyi duk shekara alhali yawancin yaran makarantunta ba 'ya'yan masu kuɗi ba ne, gidajen garin ne suka yi tsada. Kowa na kuka. Wannan ita ce babbar rigimar, maganar fili reshe ce

Malam Habu:
Umar ban musa girman harajin gidaje ba. Amma ka tambayi kanka darajar gidan daga ina take a hamada. A Yunin 2023 Arizona ta sanar ba za ta ƙara ba da shaidar ruwan shekara 100 ga sabbin unguwannin kewayen Phoenix da suka dogara da ruwan ƙasa ba, don lissafi ya nuna ba zai isa ba. Unguwar da ba a gina ba ba ta biyan haraji. Kuma filin amana mafi tsada shi ne wanda ke bakin birni, a 2020 TSMC mai yin ƙwaƙwalwar kwamfuta ya sayi sama da eka dubu na filin amana a arewacin Phoenix a gwanjo kan dala miliyan 89, kwatanta da abin da hayar kiwo ke kawowa. Ranar da aka ce ba ruwa wa zai sayi irin wannan filin? Ka ga ruwan ne ke riƙe da harajin, shi ke riƙe da filin, reshen naka shi ne saiwar

Umar K.:
Na ji wannan. Amma a jiharmu ka ce za ka sa wa ruwan ƙasa kaso ai ka tsokano tsuliyar dodo, tun 1904 kotu ta ce abin da ka zuƙo a filinka naka ne ko da rijiyar maƙwabcinka ta ƙafe

Barista Nura:
A filin mutum na kansa e, abin da wuya. A filin amana jiha ce mai gida, sharaɗin haya kawai za ta rubuta, sa mita, kawo rahoto, ga iyakar abin da za ka ɗiba, ga kuɗin kowane ma'auni. Wannan bai taɓa haƙƙin mallakar kowa ba

Alhaji Ɗanlami:
Yauwa a nan zan iya binku. In a filin makaranta ne a sa mita a karɓi kuɗi, Balarabe ko Ba'amurke duk ɗaya. Amma makiyayan da ke hayar filin kiwo ku bar su su sha iska, wasu tun kakanninsu suke wurin, su ke gyara shinge su ke kula da wurin shan dabbobi, saniya nawa take sha in aka kwatanta da gonar alfalfa da ake yanka kusan duk wata

Zainab A.:
Baba Alhaji to amma in hayar kiwon ba ta kawo komai fa? Ku duba abin da ya faru a Wyoming, fili ɗaya mai eka 640 da ake kira Kelly a jikin gandun Grand Teton, shekara da shekaru 'yan dubban daloli yake kawowa, a ƙarshen 2024 aka sayar wa gwamnatin tarayya dala miliyan 100 kuɗin ya shiga asusun makarantu. Filin bai lalace ba an haɗe shi da gandun, namun daji na bi ta wurin yadda suka saba. To wannan sayarwar laifi ce?

Barista Nura:
Wannan kam ta yi kyau ƙanwata, amma ki tuna yadda aka kai can. Da farko gwanjo aka so yi, wanda ya fi kuɗi ya ɗauka ya gina gidajen alfarma, mutanen jihar suka fito suka ƙi, sannan majalisa ta sa farashin miliyan 100 alhali ƙiyasin da aka yi bai kai haka ba, tarayya ta kawo wajen miliyan 62 sauran masu ba da gudummawa suka tara. Fili irin wannan ɗaya ne cikin dubu, gefen garin Jackson yake inda attajirai ke rububi. Ragowar miliyoyin ekoki ba mai ba ki wannan kuɗin. Kuma shi ya sa nake tsoron masu cewa a miƙa wa jihohi filayen tarayya, kamar ƙarar da Yuta ta shigar a 2024 tana neman eka miliyan 18.5 Kotun Ƙoli ta ƙi saurara a Janairun 2025. Hujjarsu tana da ƙarfi ta wani gefen, kusan kashi biyu cikin uku na Yuta na tarayya ne, Nevada wajen kashi 80, filin tarayya ba a karɓar harajin gida a kansa, abin da Washington ke biya a madadi tun 1976 ƙananan hukumomi kullum cewa suke bai isa ba. Amma jiha dole ta daidaita kasafinta duk shekara, gobarar daji ɗaya babba ta isa ta sa a fara neman abin sayarwa

Maman Hanif:
Ku yi haƙuri in sa baki a abin da ba wanda ya ambata. Duk wannan filin da ake cewa tarayya ta ba jiha, na wasu ne kafin nan, Apache da Navajo da Pueblo da Ute da sauransu, da yaƙi da yarjejeniyar dole aka karɓe. Yau yaransu na cikin waɗanda makarantunsu suka fi shan wahala, a ƙasar Navajo gidaje da yawa ba famfo sai an ɗauko ruwa a tanki a bayan mota daga nesa. In ana rabon amfanin filin nan ni a wurina su ya kamata a fara dubawa

Hajiya Rabi:
Wallahi kin faɗi gaskiya 'yar'uwa, ita Yazzie ɗin da shari'armu ke ɗauke da sunanta ai uwa ce 'yar Navajo

Injiniya Sani:
Malam Habu abu ɗaya zan ƙara a kan shawarar Barista, kar a fara da farashi a fara da mita. Ba ka sa wa abu kuɗi ba ka san yawansa ba, kuma mita kaɗai tana rage ɓarna. Yuta misali ce, gidaje da yawa suna da layi na biyu na ruwan ban-ruwan lambu da ba a aunawa, kuɗi ɗaya kake biya ko ka bar shi yana zuba kwana da yini, ga hukumomin ruwa suna karɓar wani kaso daga harajin gidaje wanda ke sa bil ya yi arha fiye da gaskiyarsa. Da Babban Tafkin Gishiri ya ja baya har ya kai matakin da ba a taɓa gani ba a 2021, majalisa ta yi doka a 2022 a sa wa layukan nan mita kafin 2030. Inda aka riga aka sa, mutane na ganin adadin a takarda suka fara rufe famfo da kansu tun ba a ƙara musu ko sisi ba. A Arizona kuwa wajen yankunan sa ido yawancin manyan rijiyoyi ba a ma wajabta musu faɗin abin da suka zuƙa ba, alhali noma ke shan sama da kashi 70 na ruwan jihar

Alhaji Ɗanlami:
Mitar wa zai saya, manomi ko jiha? Don nan ake fara rigima

Injiniya Sani:
A Yuta jiha ta ware tallafi mai yawa don sayen mitocin. A filin amana kuwa ni ɗan haya zan ɗora wa, wanda ya iya haƙa rijiyar da ta ci miliyan ba mita ce za ta gagare shi ba. Makiyayi mai ƙaramar rijiyar shayar da shanu a cire shi, Alhaji ka samu naka

Malam Habu:
To ni abin da zan rubuta wa ɗan majalisar gundumarmu kenan kafin zaman Janairu, mita a kowace babbar rijiya da ke filin amana, kuɗin ruwan ya shiga asusun dindindin kamar yadda kason mai ke shiga na su Hajiya, kuma a rubuta ƙarara cewa ƙari ne ba maye gurbi ba. Majalisarmu tana da tsarin da mazaunin jiha zai yi rajista ya nuna goyon baya ko adawa da ƙudiri daga gida, sau ɗaya kawai ake buƙatar kunna rajistar a na'urar da ke ginin majalisa. Masu takardar zama ma da ba su da ƙuri'a ba abin da ya hana su rubuta wasiƙa, yaransu na cikin ajin. Barista in na gama zan turo maka ka duba mini lafazin sharaɗin nan na uku, shi ne nake jin za su nemi su murɗe

Barista Nura:
Turo Malam. Ka haɗa da lambar gundumarka don mu ga ko ɗan majalisar naka yana kwamitin albarkatun ƙasa ko na kasafi, wasiƙar ba iri ɗaya za a yi musu ba

Umar K.:
Ni har yanzu ina kan bakana harajin gidaje ne babbar matsalar, amma in an gama a turo mini in gani ko za ta yi aiki a filayen asusunmu na yammacin Tekzas